Wane lokaci ya fi daɗin kai yara ƙauye su ga dabbobi?

Ɗan'uwa ka tambayi lokacin da ya fi dacewa, ni dai wallahi ƙarshen bazara zuwa farkon damina nake so, wajen Mayu zuwa Yuni. Lokacin ne shamuwa ke dawowa ta yi sheƙa kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ba mai taɓa ta don kowa ya san ruwa ya kusa. Ruwan farko na sauka kwaɗi su cika tafki da kuka, shinge ya fito da daddare yara su yi ta kamawa a gindin fitila, zabi ma su fara ƙwai sai a sa wa kaza ta kwanta kamar kwana 28. Amma fa a sa wa yaran takalmi, kunama na fitowa sosai.