Fiton da murfin tukunyar tururi yake yi

Tambaya: Malam, ƙaramin ƙarfen da ke saman murfin tukunyata ta tururi yana karkarwa yana fito idan girki ya yi nisa. Ko zan iya toshe shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, kada ki kuskura. Wannan ƙarfe bawul ne, kuma nauyinsa ne yake danne mafitar tururi har sai ƙarfin tururin ya rinjaye shi, sannan ya ɗaga, rarar ta fita, ya koma mazauninsa. Wani Bafaranshe, Denis Papin, shi ya ƙera irin wannan tukunya a shekarar 1679. Tukwanen yanzu suna da bawul na biyu, galibi na roba, wanda yake buɗewa idan dusar wake ta toshe na farko, saboda haka ki riƙa duba mafitar kafin ki ɗora girki.