Jinyar Damuwa ta Hanyar Tattaunawa: Wace Hanya ce Daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanina yana fama da ciwon damuwa, kuma ya ga masana halayyar ɗan Adam biyu. Na farko ya riƙa tono masa ƙuruciyarsa, na biyu kuwa ya sa shi rubuta munanan tunanin da ke zo masa kullum, su zauna su auna gaskiyarsu. Wanne ne a kan daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Duka biyun hanyoyi ne sanannu: ta farko ta samo asali daga koyarwar Sigmund Freud, ta biyu kuma ita ce wadda Aaron Beck ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1960. Tun a 1936 wani masanin halayyar ɗan Adam, Saul Rosenzweig, ya lura cewa hanyoyin da suka saɓa wa juna sukan kai marasa lafiya ga sauƙi kusan iri ɗaya, ya ce lallai akwai abin da suka yi tarayya a kansa.

Mafi ƙarfi a cikin abubuwan nan shi ne dangantakar marar lafiya da masani. A 1979 wani masanin, Edward Bordin, ya kasa ta gida uku: su amince da inda aka nufa, su amince da aikin da za a yi, sannan a samu yarda a tsakaninsu. Idan ƙaninki ya fito daga zama yana jin an saurare shi ba tare da an yanke masa hukunci ba, kuma ya fahimci dalilin aikin da aka ba shi har ya sa ran samun sauƙi, to jinya ta kama hanya. Shi ya sa ƙwararru da yawa suke ɗaukar dabara daga nan da can, su gina ta a kan wannan ginshiƙi.

Sai dai ban yarda da masu cewa hanya ba ta da muhimmanci ba. Mai matsanancin tsoro ko waswasi yana buƙatar a riƙa kusantar da shi ga abin tsoron sannu a hankali, kuma kyakkyawar mu'amala kaɗai ba za ta maye gurbin wannan ba.

Ki tambayi ƙanin naki da wa ya fi sakin jiki, ya tsaya a wurinsa. Idan makonni suka shuɗe bai ga canji ba, ya faɗa wa masanin kai tsaye domin su sake duba tsarin.