Shin mabiya Hindu na cewa rai shi ne Ubangiji?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mabiya addinin Hindu na cewa ran mutum da Ubangiji abu ɗaya ne. A ganina kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Mazhabar Shankara, wani babban malamin Hindu, ce ke cewa Atman, wato rai, da Brahman, tushen komai, ɗaya ne, kamar sararin cikin tulu da na waje: tulu na fashewa, bambanci ya ƙare. Amma wani malamin nasu mai suna Madhva, a ƙarni na 13, ya ƙi wannan ƙememe. A wurinsa rai daban, Ubangiji daban, har abada.

Batun girmama sauran addinai kuwa, mabiya Hindu sukan kafa hujja da wani baiti na Rig Veda, ɗaya daga cikin littattafansu masu tsarki: gaskiya ɗaya ce, masana ke kiranta da sunaye iri-iri. Irin wannan ra'ayi ne malamin Hindu Vivekananda ya kai taron addinai na Chicago a 1893.