Abin da Ya Sa Na Zuba Ruwa a Daɓen Kafin Mu Yi Ciniki

Ka ce me ya sa na yayyafa ruwa a barandar kafin in yanka wa mai gidan kuɗin aiki, alhali launi kawai yake so a ba tsohon daɓensa. To, buɗe kunne, yaro.

Rinin siminti ba fenti ba ne. Fenti a sama yake kwanciya, shi ya sa ƙafa ke ɓare shi. Wannan kuwa asid ne da aka narka gishirin ƙarfe a cikinsa. In ya ratsa daɓen, sai ya haɗu da farar ƙasar da ke jikin simintin, nan launin ke fitowa. Kamar lalle ne: kwaɓi ɗaya, amma kamun da zai yi wa wannan hannu daban da na wancan. Don haka daɓen ne ke da ta cewa, ba hoton da ke jikin galan ba.

Ruwan nan tambayar daɓen na yi. Inda ya shanye nan take, rini zai shiga. Inda ya tsaya yana ƙyalli, akwai abin da ya toshe. Ka lura da lungun da suke ajiye janareta? Baƙin mai ya jiƙa wurin. Bakin kicin kuma manja ne. Waɗannan sai an goge da omo da burushi mai tauri, in sun ƙi a sa injin guga ya ci saman kaɗan, kuma wannan wahalar ce rabin kuɗin aikin. Facin da aka yi wa tsaguwa ma ka sanar da mai gida tun yanzu cewa launinsa zai bambanta, kada gobe ya ce mun ɓata masa gida.

Kada ka kuskura ka wanke daɓen da asid tukuna, yadda wasu ke yi kafin fenti. Zai cinye farar ƙasar, rinin ya zo ya tarar ba kowa. Sabon daɓe kuwa sai ya cika kwana 28 kafin a rina shi.

Famfon feshi na roba zalla za ka ɗauko, don asid na cin ƙarfe. Safar hannu, tabarau, takalmin roba, ba silifas ɗin nan naka ba. Da asuba za mu fara, domin in rana ta gasa simintin, rinin zai bushe bai gama aikinsa ba. Ka fara gwadawa a bayan ƙofa. Ka riƙa feshi kana kewayawa, kada ka ja layi. Za ka ga yana ɗan kumfa, alamar ya kama ke nan. Mu ba shi kamar awa 6, sannan mu kashe asid ɗin da ruwan bekin soda, mu yi ta ɗauraya har farin tsumma ya daina ɗaukar launi.

Mai gidan ya so kore. Na hana shi, domin koren daga jan ƙarfe ake yin sa, kuma a waje, inda damina ke jiƙa shi, baƙi yake komawa. Launin ruwan ƙasa ya fi dacewa da baranda.

In ya bushe sarai, bayan kwana ɗaya ko biyu, sai sila, wato man da ake shafawa a sama don ya kare launin, shafi biyu marasa kauri. Ranar da ƙurar hunturu ta taso ba ma shafawa. Jeka ka auno min faɗin barandar, mu san galan nawa za mu saya.