Amsa ga 'yar'uwar da ke son buɗe gidan abincin Larabawa a gida

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don hanyar da kike shirin bi ita na bi. Kin ce kin dawo daga Jidda, kin iya dafe-dafen shinkafar Larabawa irin su kabsa da mandi da bukhari, kina so ki gyara garejin gidanku ya zama ɗan wurin cin abinci ke da ƙannenki, kuma kina tambaya ko ki ɗauko mai girki daga waje tunda aikin zai yi yawa.

Ki ɗauka in kina so, amma don Allah don Annabi kar ki sakar mata haɗin kayan ƙamshinki. Ta tsaya a wanke shinkafa da yankan albasa da gyaran kaji. Kirfa, kanumfari, masoro, hel (wato cardamom) da baƙin busasshen lemon nan da suke ce wa lumi, ki daka abinki a ɗaki ki fito da shi a rufe.

Ni yarinyar da na ɗauko, kamar 'yar cikina na riƙe ta, ko ɗinkin sallah tare da na 'ya'yana nake mata. Babu abin da ban nuna mata ba, yadda ake jiƙa basmati kar ta karye, yadda ake dafa ta a romon naman, har dabarar garwashin nan da ake sawa a ɗan kwano a ɗiga mai a rufe tukunya hayaƙi ya shiga, tunda mu ba mu da ramin da ake dafa mandi a ciki irin na mutanen Yaman. Ana gab da azumi na karɓi kuɗin odar buɗa-baki, sambusa da shurba da kabsa, kawai yarinya ta daina zuwa, waya a kashe, na aika gidansu aka ce ta yi tafiya. Ashe wata hajiya ce da kullum take zuwa ci tana shi mini albarka ta janye ta, ta buɗe mata wuri a bayan layinmu, har lambobin kwastomomina ta kwafe daga wayar oda. Ranar farkon azumi ni kaɗai a kan tukwane tun safe, hawaye na zuba ina naɗe sambusa, aka kira magariba rabin abincin bai tafi ba, mutumin da ya ba da odar ya zo har ƙofar gida ya ci mini mutunci a gaban maigidana, na mayar masa da kuɗinsa. Kuma hajiyar nan har yau in mun haɗu a biki sai ta miƙo mini hannu tana murmushi. Na bar su da Allah.

Batun shinkafa kuma, tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala ta tashi, basmati ta zama abin da ta zama, ga gas. Ki riƙa sayen buhu a kasuwar Singer ta Kano, kar ki bi ƙananan leda na shago, kuma kar wani ya ruɗe ki ki gauraya da 'yar gida, waɗanda suka je Umara loma ɗaya za su gane. Mutanenmu na son yaji, ki sa attaruhu sosai a dakkus ɗinki, wato miyar tumatirin da ake ci da shinkafar, a can gefe. Ki shimfiɗa kafet da matasai ki sa labule, iyalai sun fi sakewa su ci a babban tire ɗaya, musamman Juma'a.

Ƙannenki kuwa ki yanka musu albashi tun ranar farko, kuma dangi in sun ci su biya, ko ragi ne ki yi musu. Wayar oda ta kwana a hannunki. Wace unguwa kike ne? Ki min magana ta inbox in haɗa ki da mai kawo mini kaji.