Ƙanena ya zane dokin sukuwa har ido ya kumbura, an ɗauke shi bidiyo

Tambaya: Likita, ina gaisuwa daga Tawa. Ƙanena mahayi ne, yana hawa wa wani Alhaji doki a sukuwa. Makon jiya dokin ya zo na huɗu, sai ya sauka ya yi ta zabga masa bulala a fuska har ido ya kumbura. Wani ya ɗauka a waya, bidiyon yana ta yawo a WhatsApp, Alhaji kuma ya ce kada ya sake taka bargarsa. Abokansa na cewa ai doki sai da bulala, wai surutun Turawa ne, su da suka hukunta ɗan ƙwallo saboda kyanwa. Hawan nan shi ne abincinsa. In je in ba Alhaji haƙuri?

Amsa: Malam, kafin zancen haƙuri, wa ya duba idon dokin? Bakin bulala in ya taɓa ƙwayar ido yakan bar gyambo, kuma a doki 'yan kwanaki sun isa idon ya tafi. Kada kowa ya ɗiga masa maganin ido na tebur. Wasu na ɗauke da kotizon, wanda in akwai rauni yake ƙara cinye idon.

Ɗan ƙwallon da suke nufi Kurt Zouma ne. A Fabrairun 2022 aka ga bidiyonsa yana shurin kyanwarsa a gidansa, ƙanensa na ɗauka. West Ham ta ci shi tarar albashin mako biyu, fam dubu 250, Adidas ta raba gari da shi, kotu ta ba shi aikin gayya na awa 180 tare da hana shi riƙe kyanwa shekara 5. Amma kulob ɗin bai daina sa shi wasa ba, ko a makon da bidiyon ya fito. A Amurka, an yanke wa Michael Vick, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ɗaurin wata 23 a 2007 kan haɗa karnuka faɗa, ya fito ya koma fili a 2009. Wadda ta fi kama da ƙanenka ita ce Charlotte Dujardin ta Ingila, mahayiyar doki mai zinare 3 a Olamfik. Bidiyonta tana tsula wa doki bulala a ƙafafu ya fito a Yulin 2024, ta rasa gasar Paris, hukumar hawan doki ta duniya ta dakatar da ita shekara guda. Ka ga an hukunta su, amma ba a rufe musu ƙofa har abada ba.

Maganar “doki sai da bulala” kuwa, ita ce ciwon da nake fama da shi kullum. Kusan duk wanda ya jawo mini doki ko jaki da shaidar duka, abin da zai ce ke nan: fatarsa na da kauri, ba ya ji. Tsaya kusa da doki da rana ka kalla. Ƙuda ɗaya ya sauka a gadon bayansa, nan take fatar wurin ta karkaɗa. Dabbar da ta ji ƙafar ƙuda ce ba za ta ji bulalar fata ba? Sannan dukan da aka yi bayan an gama tsere me ya koya masa? Doki ba ya haɗa duka da abin da ya wuce ɗazu. Abin da ya riƙe shi ne hannun mutum ya zo kusa da kansa, zafi ya biyo. Gobe ka zo sa linzami ya fizge kai, ya yi tsaye da ƙafafun baya, a ce ya yi taurin kai, a ƙara masa. Haka ake mai da doki mai tsada mahaukaci.

Kuma dokin da ya saba zuwa gaba ya koma na huɗu, sau da yawa ciwo ne: kofato, jijiya, ko gyambon sirdi. Maimakon a duba, sai a kira waɗannan masu jakar allura da ba su taɓa zama aji ba, su jiƙa tramol a ruwa su ɗura masa. Zafin ya ɓuya, dokin ya yi gudu a kan jijiyar da ta fara tsagewa, har ta tsinke. In an kawo mini shi a wannan hali, hannuna ya riga ya gajarta.

Masu cewa na Turawa ne kuma, su tambayi limamin unguwarsu. A Sahihu Muslim an ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska da yi mata lalas, kuma ya la'anci wanda ya yi wa jaki lalas a fuska. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, yaran makarantar allo ma sun san shi.

Je wajen Alhaji, amma kada ka roƙi a mai da shi kan doki yanzu. Ka tafi da ƙanenka, ya amsa laifinsa da bakinsa, ya ɗauki kuɗin magani daga aljihunsa. In Alhaji ya yarda, ƙanen naka ne zai riƙa wanke idon safe da yamma, mai kula da barga na tsaye a kansa. Zancen hawa a bar shi sai likita ya ce idon ya warke.