Ga ɗan Dallas ɗin da ke son komawa kallon na jami'a

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, na kasa wucewa. Ka ce tun da aka musanya Luka Doncic aka kai shi Lakers a Fabrairun 2025 NBA ta fita daga ranka, kuma an gaya maka a ƙwallon kwandon jami'o'i ne ake samun kishin riga da amana, shin ka koma can? Wallahi na san wannan ciwon. Ni mai goyon bayan ƙungiyar Oklahoma ne a da. A 2016 muna gaban Golden State da 3-1, saura wasa ɗaya mu shiga na ƙarshe, Klay Thompson ya zuba mana maki 41 a wasa na shida a gidanmu, aka kore mu a na bakwai. Ban gama haɗiye wannan ba, ranar 4 ga Yuli Durant ya ce ya koma wajen waɗanda suka doke mu. Haƙƙinsa ne, kwantiraginsa ya ƙare, amma ni dai daga ranar na tattara komatsaina na bar NBA kamar yadda kake shirin yi.

To bari in gaya maka abin da na tarar a can, don kada ka je da dogon buri.

Jami'ar Virginia na zaɓa. Dalilina biyu. Na farko, koci Tony Bennett ba ya tara yaran da za su yi shekara ɗaya su gudu, 'yan wasansa sukan yi shekara uku ko huɗu, ka san su, ka ga girmansu. Na biyu akwai Mamadi Diakite, ɗan Conakry, na ce ga namu. Wasansu kuma tsaro ne zalla, su cushe ƙarƙashin kwando, su ja lokaci, a tashi 60 da 50. Abokaina suna cewa kallon Virginia maganin barci ne. Ni kuwa ya yi mini, don na gaji da wasan da tauraro ɗaya zai riƙe ƙwallo sauran huɗu su tsaya suna kallonsa.

Sai Maris ɗin 2018. Mun shiga gasar NCAA, wato gasar kofin jami'o'in Amurka, da nasara 31, rashin nasara 2 kacal, mu ne na ɗaya a duk ƙasar. Aka haɗa mu da UMBC, makarantar da ko sunanta ban taɓa ji ba. Kafin wannan daren an yi irin wannan haɗuwar ta mai matsayi na 1 da mai matsayi na 16, wato na ƙarshe a rukuni, sau 135, ƙaramar ba ta taɓa ci ba. Ɗan wasanmu De'Andre Hunter ya karye a hannu ana gab da farawa, amma wa ya damu? An tafi hutun rabin lokaci 21-21, na ce barci ne bai sake su ba. Da aka dawo wani yaro Jairus Lyles ya fara jifa, duk abin da ya sake sai ya shiga. Ina zaune a tabarma da waya a hannu wajen ƙarfe huɗu na dare, hoton yana tsayawa yana tafiya, kuma duk sanda ya dawo tazarar ta ƙaru. 74-54. Maki ashirin, ɗan'uwa. A NBA in aka yi maka haka sai ka ce mu haɗu jibi, wasa bakwai ne. A nan sili ɗaya ƙwale ne. Wata biyar na wahala ya tafi a minti 40, kuma waɗanda ke shekarar ƙarshe ba za ka sake ganinsu da rigar ba har abada. In zuciyarka ba ta ɗauki tafiyar Luka ba, ka tambayi kanka ko za ta ɗauki wannan.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Shekarar da ta biyo baya muka kai zagayen ƙungiyoyi takwas, za mu kara da Purdue. Na ce wannan ba na waya ba ne. Mu 'yan kaɗan a unguwa muka je wajen wani mai gidan kallo, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Muka haɗa masa kuɗin mai, har da na shayinsa, ya yi alkawari zai bar mana janareto har a tashi. Tun da aka fara yake mita, wai wannan wane irin wasa ne da ake tsayawa kowane minti, wai shi bai taɓa ganin mutanen da za su hana kansu barci saboda 'yan makaranta ba. Carsen Edwards na Purdue kuwa ya haukace mana, maki 42 ya ci a daren. Saura daƙiƙa 5.9 suna gabanmu da uku, Ty Jerome namu ya tsaya jifan kyauta. Ya ci na farko. Na biyu ya daki ƙarfe ya fito. A daidai nan mutumin nan ya miƙe, ya yi hamma, ya ce "an gama, bara ma haka aka yi muku," ya fita ya kashe janareto. Ɗakin ya yi duhu ɗif. Muna roƙonsa, yana kulle kwado. Data babu a wayar kowa, duk mun zuba kuɗin a mai.

Sai da gari ya waye na ga abin da ya faru. Diakite ya maro ƙwallon ta koma baya, Kihei Clark ya bi ta a guje har ya wuce tsakiyar fili, ya wurgo masa da hannu ɗaya, Diakite ya sake ta ana busa tashi, ta shiga. 70-70. Muka ci 80-75 a ƙarin lokaci. Yaron da na zaɓi ƙungiyar dominsa, jifan da ya fi kowanne a rayuwarsa, ina tsaye a duhu ina jayayya da mutum a kan lita ɗaya ta fetur. Da na same shi da rana ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ai kun ci, me kuma kuke so. Har yau in na wuce ta gaban shagon sai na kau da kai. Na yafe kuɗin, wancan daƙiƙa biyar ɗin ne ban yafe ba. Mun doke Auburn 63-62 da jifan kyauta uku na Kyle Guy, muka ɗauki kofi a hannun Texas Tech 85-77, duk na gani a waya, amma na Purdue ya wuce ni.

Shawara ta farko ke nan: wasan da ya dame ka, ka tanadi datarka da cajinka, kada ka rataya shi a wuyan wanda ba ya son wasan.

Batun amana da aka gaya maka kuwa, wanda ya faɗa yana ba ka labarin da ne. Ana ɗaukar kofin nan Hunter da Jerome da Guy duk suka tafi NBA. Tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya makaranta ya buga nan take ba tare da zaman shekara ba, kuma yana cin kuɗi da sunansa da hotonsa. Daga 2025 ma makarantun da kansu suke biya. Ban ga laifin yaran ba, shekaru ana tara dukiya da guminsu suna kallo. Amma sakamakon shi ne wanda ka so bana, baɗi yana wata jami'ar. Bennett kansa ya ajiye aiki a Oktoban 2024, ya nuna wannan sabon yanayin ba nasa ba ne. Manyan taurarin kuma dole ce ta kai su, tun da NBA ba ta ɗaukar wanda ba zai cika 19 a shekarar ɗaukar ba. Cooper Flagg da kuka samu a Dallas shekara ɗaya ya yi a Duke. Luka ya yi muku fiye da shekara shida. Ka lissafa da kanka.

Kuma ka shirya ganin kurakurai. Yara ne. Za ka ga an yi minti huɗu ba a ci ko maki ɗaya ba, ga daƙiƙa 30 na kai hari maimakon 24, keta biyar an fitar da mutum. Wanda ya saba da hannun Luka zai yi tsaki. Abin da ke riƙe ni shi ne kowane wasa da nauyinsa, babu zancen wasa 82 da ake hutar da tauraro bayan ka raba dare dominsa. Wannan ɗabi'ar ta NBA ita ma ta ci mini tuwo a ƙwarya ba sau ɗaya ba.

Ni ban ce ka bar Dallas ba. Ni ma da na yi fushi na dawo, kuma Oklahoma ta ɗauki kofi a 2025 ina kallo. Ka ba Flagg dama. Hakeem Olajuwon ma ya sha kashi a wasan ƙarshe na jami'a sau biyu yana bugawa jami'ar Houston, 1983 da 1984, sai 1994 ya ɗaga na NBA. Ka haɗa biyun kawai. Na jami'a yana da wani daɗi da ba a faɗa maka ba: ranar Asabar a Janairu da Fabrairu akwai wasannin da ake farawa ƙarfe shida na yamma agogonmu, kuma Alhamis da Juma'ar farko ta gasar Maris wasa 16 ake yi kowace rana, tun bayan La'asar. Ba sai ka makara Asuba ba, uwargida ma ta huta da ihunka na tsakar dare. Kuma don Allah kada wani ya ja ka caca a kan gasar nan, ban da haramcin, wanda ya sa kuɗi a kan Virginia a 2018 ko Purdue da ita ma mai matsayi na 16 ta fitar da ita a 2023 ya san yadda ta kaya. In ka tsai da ƙungiyar da za ka bi, ka faɗo ta nan kafin Nuwamba mu gaya maka irin kocinta.